Karamel mai gishiri da ke ƙanƙamewa

'Yar'uwa, kin ce da zarar kin zuba kirim ɗin madara a karamel, wato narkakken sukari, sai sukarin ya ƙanƙame kamar alewa. Sanyin kirim ɗin ne, ki ɗumama shi tukuna.

Ki narka sukari giram 100 a tukunya mai kauri, wuta kaɗan. Kada ki sa cokali, girgiza tukunyar kawai. Da ya yi launin zuma ki sauke, ki jefa bota cokali 2, sannan kirim mililita 100 sannu-sannu, don zai taso da kumfa. Gishiri ɗan kaɗan, ki riƙa ɗanɗanawa.

In ya huce kuma kina son abin sha, ki markaɗa cokali 3 na karamel ɗin da madara mai sanyi da ƙanƙara. Wasu Turawa giyar vodka suke ƙarawa, ni kam ɗan Nescafé ya ishe ni.