Me ya sa Faransawa ba su manta da Gérard Philipe ba?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa har yau ake ambaton Gérard Philipe, ɗan wasan kwaikwayon da bai kai shekara arba'in a duniya ba. Ga abin da na sani.

An haife shi a Cannes a 1922. Sunansa ya fara fitowa a 1945, da ya hau dandamali a wasan Caligula na Albert Camus, sannan fim ɗin Le Diable au corps na 1947 ya sa kowa ya san fuskarsa. Fanfan la Tulipe na 1952 kuwa ya kai shi har ƙasashen waje.

Amma ni abin da ya fi burge ni daban ne. Yana tsakiyar tashe, masu shirya fim na rububinsa, sai ya shiga TNP (Théâtre National Populaire), ƙungiyar wasan dandamali da darakta Jean Vilar ke jagoranta, wadda burinta shi ne talaka ma ya iya sayen tikiti ya kalli wasan dandamali. A bikin wasan dandamali na garin Avignon na 1951 ya fito a matsayin Rodrigue cikin wasan Le Cid na marubuci Corneille, rawar da ta manne masa har kabari. Ba ƙari na yi ba: da kayan wasan nan aka binne shi a Ramatuelle, wani ƙauye a kudancin Faransa.

Ya kuma shugabanci ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan Faransa. Ciwon dajin hanta ne ya yi ajalinsa a Paris a Nuwamba 1959, yana da shekara 36.