Zaɓe uku a rumfa ɗaya, ga amsar tambayarka

Ƙanena na ga saƙonka tun jiya, ban samu zama ba sai yanzu. Ka ce karon farko kenan da za ka shugabanci rumfa, kuma zaɓe uku aka haɗa rana ɗaya, na shugaban ƙaramar hukuma, na kansila, da cike gurbin ɗan majalisa, kana tambaya wai me zai canza a aikinka tunda rumfa ɗaya ce, layi ɗaya, mutanen ma su ne dai.

To wannan tunanin shi zaka fara cirewa daga kanka. Teburi ɗaya ne eh, amma a wajen doka zaɓe uku kake gudanarwa, kowanne da takardar ƙuri'arsa, da akwatinsa, da fom ɗin sakamakonsa, kowanne kuma ana iya kai shi kotu shi kaɗai. In aka soke na kansila ba ruwan na ciyaman. Dan haka lissafinka ma uku ne, kada ka yarda ko sau ɗaya su cakuɗe.

Tun wajen karɓar kaya aikin ke farawa. Kada kunya ta sa ka sa hannu a kan abin da baka ƙirga ba, ko da mai raba kayan yana ta maka tsawa wai mota zata tashi. Buɗe kowane ƙunshi, duba lambar farko da ta ƙarshe, ka rubuta a littafinka, sannan ka karanta sunan mazaɓar da ke jikin takardar da idonka. Takardar ciyaman iri ɗaya ce a duk ƙaramar hukumar, amma ta kansila kowace gunduma da tata, kuma a ido kamar an tsaga kara. In aka baka ta maƙwabta baka lura ba sai da mutum hamsin suka dangwala, wallahi babu gyara, zaɓen rumfar nan na kansila ya lalace kenan.

Sai abin da ni ya taɓa ƙona ni. Ba kowa da ya shigo layi ne ke da haƙƙin karɓar duka takardun ba, saboda iyakokin mazaɓu ba kullum suke hawa kan juna ba. Wata shekara ina shugaban rumfa, rajistarmu ta haɗa mutanen ɓangare biyu, wasu suna cikin mazaɓar da ake cike gurbin wasu basa ciki. Yarinyar da ke miƙa takardu tana da ƙoƙari sosai, hannunta kamar inji, sai ta dinga yago uku uku tana bai wa kowa. Wani dattijo ne ya tsaya yana juya ta ukun a hannu, ya ce min shi fa bai san waɗannan mutanen ba, ba 'yan yankinsu ba ne. Gabana ya faɗi. Allah Ya taimaka mutum huɗu kacal suka riga shi, na tsayar da layi, na kira wakilan jam'iyyu suka gani, na rubuta rahoto na kira na sama da ni. Laifina ne ba nata ba, dan ban zaunar da ita na nuna mata alamar da ke jikin rajistar ba. Tun daga ranar mai duba rajista shi ke faɗa da ƙarfi, biyu ko uku, kafin mai miƙawa ya taɓa takarda.

Akwatuna kuma ka jera su da tazara, kowanne da rubutu manya da launi irin na takardarsa, ka nuna wa kowa babu komai ciki kafin ka rufe, ka rubuta lambar kowane makulli. Ka ajiye mutum ɗaya aikinsa kawai tsayuwa kusa da su yana nuna wa mutane inda kowace takarda zata shiga, ba tare da ya leƙa abin da suka zaɓa ba, ba kuma ya taɓa takardar. Duk da haka sai an samu masu ɓatan kai, tsohuwa zata naɗe ukun wuri ɗaya ta tura a akwatin farko ta yi gaba abinta. Kenya takarda shida suke ba mutum tun zaɓen 2013, shugaban ƙasa, gwamna, sanata, ɗan majalisa, wakiliyar mata da ɗan majalisar gunduma, kowace da launinta, amma hakan bai hana ƙuri'u faɗawa akwatin da ba nasu ba. Me ake yi da irin wannan ƙuri'a? Ya danganta da dokar wurin. A Ingila sai an buɗe duka akwatunan an tantance adadi kafin a fara ƙirga wa 'yan takara, wadda ta ɓata hanya a mayar da ita gidanta ta shiga lissafi, wasu wuraren kuma ware ta ake yi. Kai dai ka buɗe littafin ƙa'idar da aka baka a horo ka san hukuncin tun yau, ka faɗa wa wakilan jam'iyyu da safe lokacin da babu wanda ya san wa zata amfana. In ka bari sai dare ana tazarar ƙuri'a uku, duk abin da ka faɗa cewa za a yi an saye ka.

Bayanin yadda ake zaɓen ma kada ka raina shi. A Sikotilan ranar 3 ga Mayu 2007 sun haɗa zaɓen majalisar dokokinsu da na ƙananan hukumomi, na majalisa alamar X ake sawa kuma ƙuri'u biyu ne a takarda ɗaya, na kansiloli kuma lamba ake jerawa 1, 2, 3, kuma ranar aka fara amfani da tsarin. Ƙuri'un majalisa sama da 140,000 aka watsar. Ron Gould, ɗan Kanada da aka ɗauko ya yi bincike, cikin shawarwarinsa har da a raba ranakun, aka kuwa raba, majalisa 2011 ƙananan hukumomi 2012. Mutanen da suka saba zaɓe kenan fa. Dan haka jimla ɗaya gajeriya ka koya wa ma'aikatanka, su maimaita wa kowa iri ɗaya, babu sunan jam'iyya a ciki.

In an rufe, ga zuciyar aikin. Kowane zaɓe ka yi masa nasa lissafin kafin ka damu da wa ya ci. A ce an baka 500 na kansila, 180 sun rage ba a taɓa ba, 5 sun lalace a hannu ka canza wa masu su, to 315 ya kamata ka tarar a akwati. Ka tarar da 312? Kada ka ɗaga hankali, kada kuma ka cike da biro, je ka duba sauran akwatunan tukuna, galibi suna can. In duk da haka bai cika ba rubuta abin da ka gani yadda yake. Gibin da aka rubuta gaskiya ana iya bayaninsa gaban alƙali, lambar da aka gyara dan ta yi kyau ita ke kai mutum gidan yari. Gama da zaɓe ɗaya kaf, cike fom, wakilai su sa hannu, ƙulle ambulan, sannan ka zazzage na gaba. Teburi ɗaya kada ya ɗauki ƙuri'un zaɓe biyu lokaci guda.

Ka kuma san iyakarka. Naka shine sakamakon rumfarka. Bayyana wanda ya lashe kujera aikin baturen zaɓe ne, kuma a irin wannan haɗin ba lallai mutum ɗaya ba ne, na kansila daban na majalisa daban, wani lokacin ma wuraren tattarawa daban. Tambaya tun kafin ranar wace ambulan zata je hannun wa, ka karɓi shaidar miƙawa a kowanne.

Sannan gajiya, wadda babu mai maganarta a horo. Indonisiya ta haɗa zaɓe biyar ranar 17 ga Afrilu 2019, ana ƙirga da hannu a rumfa har cikin dare wasu har wayewar gari, daga baya hukumar zaɓensu ta ce ma'aikata 894 suka rasu, dubbai suka kwanta rashin lafiya, shi yasa a 2024 suka sa iyakar shekara 55 ga ma'aikatan rumfa. Naku bai kai nan ba, amma kurakuran da na gani mafi yawa a fom na uku suke, lokacin da ido ya fara gani bibbiyu. Ka sa mutanenka su dinga hutawa bi da bi tun da rana, ka tanadi fitila mai caji da biro fiye da ɗaya, kuma duk lambar da zaka rubuta wani ya karanto maka ita da ƙarfi, kai ma ka maimaita.

Turo min hoton shafin da ya yi magana kan ƙuri'ar da ta shiga akwatin da ba nata ba in ka same shi, mu duba tare kafin ranar.