Arziki Daban, Wadata Daban

Wani ɗalibi daga Sakkwato ya rubuto: "Malam, kullum rediyo na cewa tattalin arzikin ƙasa ya bunƙasa, mu kuwa ba mu gani a ƙasa ba. Arziki da wadata ba abu ɗaya ba ne?"

Ɗana, ba ɗaya ba ne. Kalmar arziki daga Larabci muka aro ta, kuma abin da ake ƙirgawa take nufi: shanu, buhunan hatsi, kuɗi. Wadata kuwa isa ce. In aka ce ruwa ya wadata a gari, ba ana nufin rijiyar mai unguwa ta cika ba, ana nufin kowa ya samu na sha da na wanka. Shi ya sa muke da wadatar zuci, amma ba ka taɓa jin "arzikin zuci" da wannan ma'anar ba. Ƙasa da wadata akwai rufin asiri, wato a ci yau, a kai yaro asibiti ba tare da an roƙi maƙwabci ba.

Masana ƙididdiga ma sun raba awon biyu. A 2014 aka sake lissafin tattalin arzikin Najeriya, ya kai kimanin dala biliyan 510, ta zarce Afirka ta Kudu. Wannan awon arziki ne. A Nuwamba 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto bayan ta leƙa cikin gidaje, ta duba abinci, makarantar yara, ruwan sha, banɗaki, abin da ake girki da shi da aikin yi. Ta tarar mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci. A jiharka kashi 91 ne, a Ondo 27. Wannan shi ne awon wadata, kuma a ganina da shi ya kamata gwamnati ta riƙa tsara kasafin kuɗi, domin shi ke nuna inda rashi ya fi tsanani.

Wata malamar firamare ta ce ta ji ana kare tazarar mai kuɗi da talaka da cewa "yatsun hannu ba daidai suke ba". Malama, maganar gaskiya ce, amma an ajiye ta ba a mazauninta ba, kuma hakan na yi mini ciwo. Iyayenmu na faɗinta don a yi haƙuri da bambancin hali da ƙwazo tsakanin 'ya'yan ɗaki ɗaya. Ai yatsun nan, dogo da gajere, akushi ɗaya suke shiga, baki ɗaya suke kai wa.

Tazarar ita ma ana auna ta, da ma'aunin da Corrado Gini na Italiya ya fitar a 1912: sifili in kowa ya samu daidai, ɗaya in mutum guda ya kwashe duka. Karin maganar da ta dace da wannan awo ita ce "rijiya ta bayar, guga ya hana". Guga a nan shi ne duk wanda rabo ke bi ta hannunsa kafin ya isa ga mai ƙishirwa.