Kandaka da Daurama: akwai dangantaka ko kama ce kawai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Mai Wurno ce amma aure ya kai ni Gadarif. Kafin yaƙin nan ɗana ya je rihlar makaranta Naƙa'a da Bajarawiya, ya dawo da hotuna a waya, a ciki akwai wata mace da aka sassaƙa jikin dutse, ƙosasshiya, ta ɗaga takobi ta damƙe gashin wasu mutane. Ustaz ɗinsu yace Kandaka ce. Da na nuna wa habbobata, wato kakata, tana kan angarib tana shan jabana, ta kalla ta sake kallo sai tace ai wannan Daurama ce, daga nan kakanninmu suka tashi suka yi yamma, mu kuma dawowa gida muka yi. Har yau maganar na raina wlh. Dan Allah haka ne?
Daga wata mai karatu a Gadarif

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaida min habboba da kyau, ki ce mata na gode, don idonta ya hango wani abu duk da ba zan bi ta har ƙarshe ba.

Matar da kika gani sunanta Amanitore, tana jikin ƙofar Haikalin Zaki da ke Naƙa'a, ta yi zamani a ƙarni na 1 Miladiyya. In kika sake duba hoton, ɗaya ɓangaren ƙofar akwai sarki Natakamani shi ma ya damƙe nasa fursunonin, kuma abinda ke burge ni kullum shi ne tsawonsu ɗaya, masassaƙin bai rage mata ko taƙi ba. A yawancin zanen Misira za ki ga matar Fir'auna 'yar ƙarama a gefen ƙafarsa ko tana bayansa, amma mutanen Kush, tsohuwar daular da ta yi mulki a nan Sudan, sun tsayar da tasu daram da takobinta, da ƙiba da faɗin ƙugu, don a wajensu cikar jiki alamar mulki da wadata ce. Kandaka kuma ba suna bane, sarauta ce, kamar ki ce Magajiya ko Gimbiya, mata da yawa sun riƙe ta.

Wadda ta fi shahara cikinsu ita ce Amanirenas, wadda ta kara da Rumawa wajen shekara 24 kafin Miladiyya. Mayaƙanta sun kai hari Aswan suka kwaso gumakan sarki Augustus, suka zo da kan guda ɗaya na tagulla suka binne shi ƙarƙashin matakalar wani haikali a birnin Meroe, hedikwatar Kush, nan Bajarawiya kenan kusa da Shandi, yadda duk mai shiga sai ya taka kan sarkin Rum, kinga ai wannan saƙo ne ba sai an fassara ba. A 1910 wani Bature John Garstang ya tono shi, idanun nan na gilashi da farin dutse suna nan lafiya lau kamar zai yi magana, yanzu yana gidan tarihin Birtaniya a Landan. Haka gwalagwalan wata Kandakar mai suna Amanishakheto, a 1834 wani ɗan Italiya Giuseppe Ferlini ya rusa dalarta daga sama don neman zinariya, kayan yau suna Berlin da Munich. Abin da ciwo gaskiya, balle yanzu da aka wawashe gidan tarihi na Khartum a yaƙin nan, da yawa cikin abinda ya rage a gida ma ya tafi.

Toh ina Daurama a ciki? Mulkin Meroe ya faɗi wajen shekara ta 350, labarin Daurama da Bayajidda kuwa ana ajiye shi ne wajen ƙarni na 9 ko na 10, Amina ta Zazzau ma ta fi nan kusa, ƙarni na 15 ko na 16. Tsakanin Amanitore da Daurama kusan shekara 900, ga tafiyar watanni a ƙasa, kuma babu wani rubutu ko sassaƙa da ya haɗa su. Shi kansa labarin Bayajidda gabas ɗin da yake ambata Bagadaza ce da Borno, Nilu bai fito a ciki ba. Zuwan mutanen Mai Wurno kuwa sananne ne, bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, ga kuma mahajjata 'yan ƙafa da suka riga su da waɗanda suka biyo baya.

Inda habboba ta yi daidai shi ne kamar. A ƙasashen Afirka da dama ana ajiye wa mace kujera ta musamman a fada, uwar sarki ko 'yar uwarsa, mai faɗa a ji. Daura na da Magajiya, Borno na da Magira, Gobir na da Inna, Asante a Ghana na da tasu uwar sarauta, cikin irinsu ne Yaa Asantewaa ta fito ta ja yaƙi da Ingilishi a 1900. Kandaka 'yar wannan gidan ce, shi ya sa tsohuwa da ta tashi da labarin Daurama a kunne tana ganin mace da takobi ta gane ta nan take. Shi ya sa ma a 2019 aka dinga kiran 'yan mata masu farin tob a zanga-zangar Khartum da Kandaka.

Akwai abinda nake so ki lura da shi, su Kush sun bar dutse da rubutu mai haruffa 23, an gano yadda ake furta su tun wajen 1911 amma har yau ba a gama fahimtar harshen ba, ana karantawa ba a jin mafi yawan abinda ake cewa. Mu kuma da ƙasa muka yi gini, ganuwa da zanen dagi a fuskar soro, damina na cinye su, amma labarin na nan a bakin irin su habboba da harshen da kike ji sarai. Don haka dan Allah gobe in ta zauna shan jabana ki kunna rikodin a wayarki ki ce ta baki labarin Daurama tun daga farko, kar ki gyara mata komai.

TAMBAYA: Malam a shagon wani ɗan Kibɗawa a Umdurman na taɓa ganin hoton mahayin farin doki yana soke wani dodo da mashi, yace min Mar Girgis ne. Ni dai Bayajidda ya faɗo min a rai, ko daga wajensu muka samo?
Daga wani bawan Allah a Kassala

AMSA: Ɗan uwa ba kai kaɗai ba, ni ma ranar da na fara gani haka na ji. Mar Girgis sojan Rum ne da Kiristoci ke cewa an kashe shi saboda addininsa wajen shekara ta 303, labarin dodon kuma sai bayan ɗaruruwan shekaru aka jingina masa, wai dodo ya addabi gari a bakin ruwa ana ba shi tumaki, daga baya 'ya'yan mutane, har ƙuri'a ta faɗa kan 'yar sarki. Namu ka sani, maciji Sarki ya tare rijiyar Kusugu ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa babu, ya je da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa ya sare kan, Daurama ta aure shi.

Ba sai wani ya ara daga wani ba, duk inda ruwa ke da tsada za ka tarar da labarin abinda ya tsare shi. Amma ka duba ƙarshen kowanne don a nan ake gane mutanen. Mar Girgis bai auri 'yar sarkin ba, gari ne ya karɓi addininsa. Bayajidda ya yi aure, Bawo ya fito, aka samu Hausa Bakwai, wato namu labarin asalin sarauta ne. Soninke na tsohuwar daular Wagadu kuwa nasu macijin Bida shi ke kawo ruwa da zinariya, ana ba shi budurwa duk shekara, ranar da saurayin wata ya kashe shi sai fari ya sauka shekara 7 mutane suka watse. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura an killace ta, in Allah ya kai ka Najeriya ka je, har ruwan ana ɗebo wa baƙi su sha.