Magana a kan gaɓa, da bakin da ya faɗe ta

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Maigidana ya dawo daga kasuwa da yamma, ko ruwa bai sha ba na tare shi da maganar bashin da ake bin mu. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma sai ya tashi ya fice. Da na kai kuka wurin Inna, sai ta ce, "Gaskiya kika faɗa, amma ba a kan gaɓa ba." Mece ce gaɓa a nan? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Amsa: 'Yata, Allah ya saka wa Innarki da alheri, ta zaɓo kalmar da ta dace. Asalin gaɓa mahaɗa ce: inda ƙashi ya haɗu da ƙashi, kamar gwiwa, ko inda karan dawa da rake suke da ƙulli. Masu nahawu ma sun are ta, shi ya sa suke cewa kalmar "gida" gaɓa biyu ce. Amma wanda zai fi kowa fahimtar da ke ita shi ne mahauci. Idan ya sa wuƙa a kan gaɓa, cinya takan rabu ba da wata wahala ba. Idan ya kuskure ya hau tsakiyar ƙashi, sai ya nemi gatari, naman ya dagargaje, wuƙar kuma ta dakushe. Wuƙarki tana da kaifi, wurin sa ta kika kuskure.

Ki lura, Inna ba ta ce "lokaci" ba. Lokaci kalma ce da muka aro daga Larabci, kuma agogo yana iya nuna shi. Gaɓa kuwa ba ta kan agogo. A jikin mai sauraro ake karanta ta: ya gaji ko ya huta, ya ci riba yau ko ya faɗi, akwai baƙon ido a wurin ko ku kaɗai ne. Abin da ya sa Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska ke nan.

Ɗaliban zaure da suka kai ga karatun balaga sun san cewa ma'anar da malamai suka ba ta ita ce magana ta dace da abin da halin da ake ciki yake nema. Wato ko Larabcinka ya kai ina, in ka faɗe shi inda bai dace ba, ba ka yi balaga ba. A cikin Buhari an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu yakan yi wa mutane wa'azi ranar Alhamis kawai. Wani ya ce masa da ma kullum yake yi. Sai ya amsa cewa ba ya son ya gundure su, yana zaɓar musu lokaci ne kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake zaɓar musu. To idan wa'azi ma ana nemar masa gaɓa, ina ga maganar bashi ga mutumin da ya wuni a rana?

Sai dai akwai abin da zan ƙara a kan na Inna, kuma ina so ki riƙe shi da kyau. Na ga gidaje da yawa inda "ina jiran gaɓa" ya zama hanyar gudun magana, har bashi ya cinye jari, sannan a zo ana ihu bayan hari. Hausawan da suka ce a nemi gaɓa su ne kuma suka ce tun ran gini ran zane, domin adon bango sai laka tana ɗanya yake kamawa. Maganar bashi ba ta jiran wata guda. Gaɓa kuma ana iya shirya ta: ya sha ruwa, ya ci tuwo, yara sun kwanta, sai ki ce, "Maigida, akwai maganar da nake so mu yi, yaushe kake ganin za ka samu sarari?" Shi ma kuma ba shi da hujjar ficewa kullum. Wanda ake bi bashi dole wata rana ya zauna a yi lissafi.

Tambaya: Malam, "da sanyin safiya ake kama fara" da "ba a fafe gora ranar tafiya", ba abu ɗaya suke nufi ba? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Fara idan sanyin asuba ya kama ta ba ta iya tashi, sai rana ta ɗaga jikinta ya yi ɗumi. Wannan karin magana yana zancen dama ce mai wucewa, wadda ba kai ka yi ta ba, naka kawai ka yi sammako. Gora kuwa sai an huda bakinsa, an kwashe cikinsa, an jiƙa shi kwanaki har ɗacin ya fita, kafin ruwan cikinsa ya shawu. Wannan zancen tanadi ne, aikin da ke hannunka tun tafiya tana nesa. A wajen lallashi, mai fafe gora ranar tafiya shi ne wanda bai taɓa taka ƙofar gidanka ba, ba suna ba ta'aziyya, sai ranar da yake neman ƙuri'arka ko rancen kuɗinka.

Tambaya: Malam, na ba Baba shawara kada ya sayar da filinmu yanzu, sai ya ce mini, "In da kura na maganin zawo, da ta yi wa kanta," saboda ni ko aiki ban samu ba. Bayan kwana biyu Baffana ya faɗa masa abin da na faɗa, bai canza komai ba, nan take ya yarda. Wannan adalci ne? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Ɗana, na ji zafin da ke cikin tambayarka, kuma ba zan ce maka ba komai ba. Amma ka fara duba yadda harshenmu yake kallon lamarin. Idan rigima ta tashi muna cewa a samu wanda zai "sa baki", ba mu ce wanda zai kawo hujja ba. Muna kiran manya "masu faɗa a ji". Wanda ya yi magana da sunanka ba da izininka ba, mukan ce ya ari bakinka ya ci maka albasa. A wurin Bahaushe magana ba ta tafiya ita kaɗai, tana ɗauke da kimar bakin da ta fito.

Ita kuma kima tara ta ake yi. Ka ɗauki kalmar "lamuni". A cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu, irin wanda aka daɗe ana yi a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, falke yakan kawo shanu ya sauka wurin maigidansa, wato mai masaukinsa, a sayar wa mahautan gari bashi ba tare da wata takarda ba. Maigidan ne ya tsaya masa, domin ya san mahaucin da ke biya da wanda ba ya biya, kuma in aka cinye kuɗin baƙonsa, fatake za su daina sauka gidansa. Bakinsa yana da nauyi ne saboda yana da abin asara. Baffanka ma haka: Babanka ya ga shawarwarinsa na shekaru, ya ga inda suka kai.

Har a al'amuran jama'a haka ne. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda mutane ba su amince da masu kawo shi ba, kuma gwajin maganin da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 bai bar zukata ba. Ba a ci gaba ba sai a 2004, bayan an kawo maganin daga Indunusiya. Daga baya sarakuna da hakimai da limamai suka shiga gaba, har aka kai 2020 da aka tabbatar an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka. Bayanin likitoci bai sauya ba. Bakunan da suke isar da shi ne suka sauya.

Duk da haka, a ganina Baba ya sa karin maganar nan inda ba wurinta ba. Kurar da ake nufi ita ce mai da'awar yana da magani: bokan da ke alkawarin arziki alhali rigarsa a yage, ko mai cewa zai nunka maka kuɗi shi kuwa bashi ya yi masa katutu. A nan tambayar "me ya sa ba ka yi wa kanka ba?" tana kan hanya. Kai ba magani ka ce kana da shi ba. Abin da ka hango ka faɗa, kuma rashin aikinka bai rage kuɗin fili ba, bai ƙara shi ba. Yana damuna ƙwarai yadda muke amfani da karin magana muna toshe bakin yara da mata da talakawa, alhali mu ne muka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gidan da ba a jin ƙarami sai babba ya maimaita, ranar da babban ya yi tafiya an shiga uku.

Abin da zan ba ka shawara shi ne kada ka je ka ce wa Baba "ai ni na fara faɗa". Ya sani, ko bai furta ba. Ka je ka yi wa Baffa godiya, ka nuna masa lissafin da ka yi a kan kuɗin filaye a unguwar. Idan maganar ta sake tasowa, ka riga dillalai zuwa wurinsa, ka roƙe shi ya tafi da kai idan za a zauna, ya kuma ce wa Babanka a gabanka, "Yaya, bari yaron nan ya yi bayani."