Shin akupanca tana maganin ciwon baya?

Ka tambaya ko akupanca, wato tsira siraran allurai a jiki irin na ƙasar Sin, tana maganin ciwon baya da ya daɗe. Tana rage wa mutane da dama zafi, amma kada ka sa ran za ta kawar da musabbabinsa.

Allurar ba ta ɗauke da magani ko ɗigo. Ana tsira ta a zaɓaɓɓun gurabe, a ɗan murza, a bar ta kamar minti 20. Wasu kan jona mata 'yar wutar lantarki, har ka ji tsokar wurin tana motsi.

Wajen bincike ne zancen ya yi sarƙaƙiya. Da aka gwada ta da allurar bogi, wadda ba ta ko huda fata, waɗanda aka yi wa ta bogin ma sun sami sauƙi, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A ganina hujjarta ta fi ƙarfi kan tashin zuciya da amai bayan tiyata, kamar yadda taron masana a Amurka ya nuna a 1997.

In za ka gwada, likita ya fara duba bayan, a buɗe sababbin allurai a gabanka. Mai shan maganin tsinka jini kuwa ya faɗa tun kafin a fara.