Amsa kan dunƙulen RNA da zafin Sakkwato

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko zafin Sakkwato na watan Afrilu zai iya sa RNA, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin, ya dunƙule a ƙwayoyin jikinmu har ya jawo ciwo. Kwantar da hankalinka, jikin mai lafiya yana riƙe zafinsa kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, su kuwa ƙwayoyin halittar da ake reno a ɗakin gwaji sai an kai su wajen digiri 43 ake ganin dunƙulen.

Kuma dunƙulen nan kariya ce. In ƙwayar halitta ta shiga takura, sai a liƙa wani ɗan sinadari, fosfet, a jikin furotin eIF2α mai taimakawa wajen fara haɗa furotin, haɗa sababbin furotin ya tsaya, wani furotin mai suna G3BP1 ya tattara RNA wuri guda kamar ɗigon mai a ruwa. Takura na wucewa, a cire fosfet, dunƙulen ya watse.

Inda abin ke ba ni tausayi shi ne masu ciwon ALS, mai kashe jijiyoyin motsi. A 2006 aka gano TDP-43, wani furotin mai kama RNA, yana taruwa a jijiyoyinsu, maƙare da fosfet da yubikwitin (alamar da ake liƙa wa furotin da za a rushe), ya daskare ya ƙi narkewa. Haka FUS, shi ma furotin mai kama RNA, in metil (wani ɗan sinadari da ake liƙa masa) ya yi masa ƙaranci, saurin dunƙulewa yake. In kana Jami'ar Danfodiyo, nemi malaman bayokemistiri, ka fara da eIF2α.